Idon Motsi a Ƙofar Hukuma

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Na sayo idon motsi. Biyu na saya, don na san halina: na farko zan ƙona shi, na biyu ne zai yi aiki.

Ɗan mitsitsin abu ne, bai kai akwatin ashana ba. Koren allo, a gabansa farin ƙoƙo kamar an raba ƙwai biyu, jikin ƙoƙon da zane irin na saƙar zuma. Ƙafafunsa uku. Biyu na cin wuta, ta ukun ita ce 'yar gulma, ita ke kai rahoto in wani ya gitta. A shagon Akwai-Akwai na same shi, layin masu gyaran rediyo. Ni na raɗa masa sunan nan, don ban taɓa tambayarsa abu ya ce babu ba. Ko fiffiken jirgin sama ka nema zai ce akwai, ka zauna, ana kawowa daga sito.

"Malam, wannan har ta bayan bango yake gani," in ji shi. "Wani ya saya makon jiya, aljani ya kama masa a bayi."

Na ce to Allah ya sa aljanin yana da zafin jiki, in ba haka ba sai dai su yi ta kallon juna.

Don ni na karanta bayaninsa kafin in fito. Ba ya ganin mutum. Ɗumin jikin mutum yake ji, shi ma sai ɗumin ya matsa daga wannan gefe zuwa wancan. Bango ya fi ƙarfinsa, gilashi ma haka. Shekara ashirin da ɗoriya ina jera littattafai a ɗakin karatu na gari, in ban iya komai ba ai na iya karanta takardar cikin kwali.

Na gaya wa Akwai-Akwai ɓera nake dako. Haka zan gaya wa kowa.

Litinin, bayan la'asar

Bari in rubuta gaskiyar sau ɗaya in huta. Babu ɓera a gidan nan. Sufeto, muzurunmu, duk lalacinsa bai bar ko ɗaya ba.

Hukuma ce. Haka nake kiran matata tun muna ango da amarya, tun kafin ma a ba ta shugabancin firamaren bayan kasuwa. Mace ce da in ta yi gyaran murya a falo, yaran maƙwabta ke gyara zama. Tun ranar Alhamis ɗin nan da abin ya faru a makarantarta ba ta taka ƙofar ɗakinta ba. Banɗaki na ciki, labule a sake. Safe da yamma nake kai tire, in ajiye a kan kujerar bakin ƙofa, in fita ido a ƙasa kamar sabon ma'aikacin otal. Tiren yana fitowa kusan yadda ya shiga. Likita ya zo, ya auna duk abin da ake aunawa, ya ce jikinta garau, a dai lallaɓa ta ta riƙa tashi tana motsa ƙafa. Daga ganinsa bai taɓa gwada lallaɓa Hukuma ba.

Na ɗauki hutu a wurin aiki. Na yi ta zirga-zirga tsakanin falo da ƙofarta, in tura kaɗan, in hango bayanta, in ja. Jiya da ta ji ƙarar ƙofar, ba ta ko juyo ba, ta ce, "Malam, don girman Allah ka daina leƙo ni."

Na ce na daina. Ni mutum ne mai cika alkawari. Amma ban yi alkawari a madadin waya ba.

Ga tsarin. Ido zai zauna a lungun da ke tsakanin ɗakinta da falo, sama da kabad ɗin takalma, yana kallon ƙofarta ta gefe. Waya za ta bi gindin bango, ta fita ta taga, ta zo sito inda teburina yake, ta shiga 'yar ƙararrawa. Ranar da ta fito ni zan fara sani, kuma zan yi kamar ban sani ba. In shigo da kofin shayi, in ce, "A'a, Hukuma, an buɗe ofis ke nan?"

Komai daidai.

Laraba, 5 ga wata, da azahar

Na ƙona na farko, kamar yadda na faɗa. Na sa jar waya a wurin baƙa, ya yi ɗan wari kamar an babbaka gashi, ya riga mu gidan gaskiya.

Na biyu ya yi. In ka ba shi wuta sai ka jira kamar minti guda ya wartsake. A tsakanin nan ƙarya yake ta zubawa, kamar ni kafin shayin safe. A bayansa akwai 'yan maɓallai biyu masu ruwan lemo, da bakin sukudireba ake murɗa su: ɗaya na nisan ganinsa, ɗaya na tsawon ƙarar da zai yi bayan ya ga motsi. Na sa nisan a tsakiya, ƙarar a gajere. Na kuma narka dalma na manna masa 'yar jar fitila kamar ƙwayar wake, don in riƙa gani in ya kama.

Sai gwaji. Na gitta, fitila ta kama. Na tsaya cak, ta mutu. Na ɗaga hannu, ta kama. Na ɗaga ƙafa ɗaya, na karkata kai, na yi taku gaba, na yi taku baya. Magidanci da furfurarsa, da tabarau a karan hanci, yana rawa babu kiɗa a ƙofar matarsa. Da Hukuma ta da ce, da tuni ta fito ta tambaye ni ɗan aji nawa ne ni.

Abin da ya burge ni: in ka tsaya bai san kana nan ba. Kana numfashi, ɗumin jikinka na nan, amma a wurinsa lungu fayau yake. Na yi aiki a ƙarƙashin shugabanni irinsa. Sai mai yawan kai-da-kawowa suke gani.

Alhamis, 6 ga wata, da azahar

Alhamis. Na wanke babur ɗin da na wanke jiya.

Asabar, 8 ga wata, da yamma

Sanarwa ta zo. Ƙanwar Hukuma ce, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti can gabas da gari, kuma tun tana yarinya magana ba ta kwana a cikinta. Tana shiga lungu ƙararrawa ta ɗauka, na fito da gudu da sukudireba a hannu.

"Mijin Yaya, mene ne wannan ka rataye mana kamar idon kifi?"

"Na ɓera ne."

"Ɓeran da ke sa takalmi lamba arba'in?" Ta ƙare wa wayar kallo tun daga kabad har taga. "Sannu, injiniya. Mutane na neman likita, kai kana neman waya."

Ta shiga wurin 'yar'uwarta, ta daɗe. Muryarta kaɗai na riƙa jiyowa. Ta fito ido jawur, ta ce ƙurar littattafaina ce. A kicin ta tare ni.

"Mun yi magana da su Yaya Babba. In wata ya ƙare tana haka, za mu zo mu ɗauke ta. Gidan Mama akwai mutane, akwai hayaniya. Nan kuwa daga kai sai muzuru sai littattafai."

"Littattafan ba sa cizo."

"Ba sa magana kuma. Kai ma a wurinsu ka koya."

Na ce za ta fito da ƙafarta kafin nan. Ta ce me ya ba ni tabbaci. Na ce na san matata. Kuma na san ta ɗin. Macen da ko a ranar haihuwa ba ta yarda an riƙe mata hannu zuwa mota ba, in aka rirriƙe ta aka fitar da ita daga gidanta kamar kayan wanki, wadda za su dawo mini da ita wata ce daban. Wannan ƙofar dole ita za ta buɗe ta.

Har ta kai bakin titi ta juyo. "Yarinyar makarantar nan tana nan yadda take. Na tambayi wata ƙawata a can babban asibiti."

Na ce ban tambaye ta ba.

"Na sani. Fuskarka ce ta tambaya."

Lahadi, 9 ga wata, bayan azahar

Ta yi ƙara!

Wajen ƙarfe biyu, ina narka dalma. Ƙiii, gajeriya, sai shiru. Na ƙone yatsa. Na zauna ina jiran ta ci gaba, don mai tafiya daga ƙofar ɗaki zuwa falo dole ya ja ƙarar ta yi tsawo, na gwada da ƙafata ba sau ɗaya ba. Shiru. Can bayan an daɗe, ƙiii, wata gajeriyar, shi ke nan.

Duk da haka na haɗa shayin, na maimaita jawabina a hanya. Na tarar da ƙofa a rufe, Sufeto a kwance kan kabad ɗin takalma yana lasar hannu kamar wanda ya gama aikin gwamnati.

Ƙara ɗaya ta shigowarsa, ɗaya ta gyara kwanciyarsa. Lissafi ya fita. Na shanye shayin a tsaye.

Talata, 11 ga wata, bayan la'asar

Jiya ma haka, a daidai lokacin nan, wajen tashin makarantu, sa'ad da titi ke cika da hayaniyar yara. Gajeriya, shiru, gajeriya.

Yau na kama wanda ake zargi na tsare shi a sito tare da ni, na ba shi kwali ya kwanta. Ƙarfe biyu na yi, ƙiii. Sufeto ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, irin duban wanda kotu ta wanke.

To ba shi ba ne. Na koma ga karatu, kuma karatu bai taɓa ba ni kunya ba. Idon nan yana ruɗewa in rana ta faɗo kan bango farat ɗaya, ko iska mai zafi ta gitta. Akwai taga a ƙarshen lungun, kuma da rana tsaka haske na sauka daidai bangon ƙofarta. Na rataya tsohon bargo a tagar. An gama.

Ina kan kujera ina buga ƙusa, gwiwar hannuna ta taɓa makullanta na makaranta. Suna nan rataye inda ta saba rataye su, zobe guda mai nauyi, kowane makulli da lambar ajinsa da ta rubuta da jan farce. Suka yi kacau. Na tsaya ina sauraron ɗakin kamar ɓarawo. Na sauke su, na zura cikin safa, na tura bayan babban ƙamus, inda ba mai leƙawa sai ni.

Komai daidai.

Alhamis, 13 ga wata, da hantsi

Na fita sayen batir, na bi ta titin babban asibiti, alhali ba hanya ba ce. Keken mahaifin yarinyar na jingine a jikin bishiyar bakin ƙofa. Na san keken, da jakar kayan gyaran famfo ɗaure a baya.

Ban tsaya ba. Na dawo gida babu batir.

Juma'a, 14 ga wata, bayan la'asar

Bargo bai hana komai ba. Jiya ta yi, yau ta yi. Na biya wurin Akwai-Akwai don in ji ta bakinsa, ya ce ai ya gaya mini tun farko, in nemi mai addu'a. Na tambaye shi ko yana da na'urar auna ƙarya. Ya ce akwai.

Na yi abin da duk mai hankali zai yi. Na murɗa maɓallin nisa baya, na yanko baƙin tef na liƙe gefen ƙoƙon da ke kallon bangon ƙofarta, inda ranar ke yi mini shisshigi. Yanzu sai mutum ya kai tsakiyar lungu yake kamawa. Na gwada, tsaf.

Kowace ƙarar banza tana cire mini wani abu a ƙirji, kuma ba ni da shi da yawa. Daga yau in ta yi ƙara, gaskiya ce.

Asabar, 15 ga wata, bayan azahar

Shiru. Na'ura lafiya lau.

Lahadi, 16 ga wata, bayan azahar

Shiru.

Litinin, 17 ga wata, da yamma

Tun shekaranjiya tiren ke dawowa ko murfin kwano ba a ɗaga ba. Da ana ɗan gutsurar burodi.

Sanarwa ta kira. Ba ta tsokane ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Mijin Yaya, tsakaninka da Allah, ko ƙofar tana taɓawa?"

Na ce a'a. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, don ni mai hujja ne, ina da na'ura.

Ta ce ba za su jira ƙarshen wata ba. Asabar bayan la'asar za su zo da mota, ita da Yaya Babba. In haɗa mata kaya.

Na ce za mu gani. Komai daidai. Akwai sauran kwanaki.

Laraba, 19 ga wata, da hantsi

Zan rubuta wannan a hankali.

Na kai tiren safe. Na sunkuya zan ajiye a kujerar bakin ƙofa, sai na ji, "Malam."

Saura kaɗan kofin ya kife.

"Me ka yi wa idon ɓeran naka?"

Tana zaune a bakin gado, ta ba ni baya. Muryar ta shaƙe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, amma tata ce. Na fara bayani. Na ce gyara na yi masa, ƙarya yake yi, akwai wata rana da ke faɗowa kan bango, kuma masana sun tabbatar cewa—

"Ba ƙarya yake yi ba. Ni ce."

Ta juyo. Ta rame. Na san ta rame, amma ta baya nake ganinta, ban san ta kai haka ba.

"Kullum in lokacin tashin makaranta ya yi, sai in ga ƙafata ta kai ni ƙofa. In buɗe, in yi taku ɗaya, jar fitilar nan ta kama. Sai in tsaya in jira ta mutu. Ina tsaye, Malam, da raina, da numfashina, ita kuwa ta ce babu kowa." Ta dubi hannuwanta. "So nake in ji yadda abin yake ta wancan gefen."

Na ajiye tiren a kan kujera. Ta ci gaba.

"Tun Asabar kuwa ko kamawa ba ta yi. Na fito, na tsaya, ba ta ko ƙyafta ba. Na ce to, har wannan ma ya daina."

Ni na rubuta da hannuna a littafin nan cewa in ka tsaya bai san kana nan ba. Har da ba'a na haɗa. Na tuhumi muzuru, na tuhumi rana, saura kaɗan in yarda da aljanin Akwai-Akwai, ban taɓa kawo wa raina cewa mutum na iya fitowa ya tsaya kawai ba. Sai na ɗauki tef na rufe wa abin ido a daidai inda take tsayawa.

"Kowa tambayata yake ko na duba ajin," in ji ta. "Na duba. Na tsaya a bakin ƙofa na bi bencina da ido, ba abin da ya motsa. Na ja ƙofa, na murɗa makulli. Da na taka ciki kaɗan da na hango ƙafar yarinyar a ƙarƙashin bencin baya. Zazzaɓi take yi tun safe, ba wanda ya gaya mini. Tagogi a rufe, rufin kwano, ga zafin rana." Ta dube ni. "Na leƙa, Malam. Ban shiga ba."

Na karanta littattafai da yawa a kan yadda ake rarrashin mutum. Babu jimla ɗaya da ta zo. Na sunkuyar da kai, sai na ga inda ƙafafuna suke: a bakin ƙofa, daidai inda suke tsayawa safe da yamma.

Na ɗauki tiren na shiga. Na ajiye shi a kan gado, na zauna kusa da ita, katifar ta lotsa ta karkato da ita jikina. Ba ta gyara ba. Mun daɗe a haka. Can ta miƙa hannu ta ɗauki kofin, ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Ya huce. Kuma sukarin nan na mutum nawa ne?"

Rabon da a yi mini faɗa mai daɗin wannan har na manta.

Laraba, bayan la'asar

Na ɓare tef ɗin, na mayar da maɓalli inda yake. A rubuta a tarihi: na'urar ba ta taɓa yin ƙarya ba. Na ba Sufeto kan kifi a matsayin diyya. Rana kuwa sai dai ta yi haƙuri.

Alhamis, 20 ga wata, bayan azahar

Alhamis. A ɗakin na yini, ban wanke babur ba. Da hayaniyar yara ta taso daga titi ta miƙe, ta buɗe ƙofa, ta yi takunta ɗaya. Na jiyo ƙararrawar can a sito, siririya, ba mai saurarenta. Na fito na tsaya kusa da ita. Fitilar ta mutu a kanmu mu biyu.

Na kira Sanarwa na ba ta labari. Ta yi hamdala, ta share hanci, ta ce taku ɗaya ba fita ba ce. Suna nan zuwa.

Juma'a, 21 ga wata, da yamma

Na fita zubar da shara na same shi a ƙofar gida, tsaye, riƙe da kekensa. Mahaifin yarinyar. Rabona da shi ido da ido tun magaribar nan a ƙofar makaranta, yana gudu da ita a kafaɗa, takalminta ɗaya a hannun mai gadi. Na shirya wa haɗuwar nan jawabai iri-iri. Abin da na iya cewa shi ne, "Sannu. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Malam. Ran Talata ta motsa yatsu. Jiya ta buɗe ido, sai dai ba ta kallon kowa." Yana magana yana murza birkin keken. "Likita ya ce a riƙa yi mata magana da muryar da ta sani. Uwarta ta yi har muryarta ta dishe. Ni ma na yi. To ni dama ko tana lafiya ba jin maganata take ba."

Ya ɗan yi abin da ya yi kama da murmushi.

"A gidanmu in an rasa yadda za a tashe ta da safe, cewa ake yi, ga Malama nan. Sai ka gan ta tsaye da jaka a baya."

Na tambaye shi tun yaushe yake tsaye a nan. Ya ce tun shekaranjiya yake zuwa, hannun ne ya ƙi ƙwanƙwasawa. Na ce ya shigo ya sha ruwa. Ya girgiza kai.

"Ba don na huce na zo ba, Malam. Ban huce ba. Kada a ce mata na huce. Amma ta zo ta kira mini ita."

Ya hau kekensa ya tafi.

Na daɗe a tsaye da bokitin shara ina shawarar abin da zan rage a saƙon. Ban rage komai ba. Na shiga har ciki, na zauna, na faɗa mata yadda ya faɗa, har da ban huce ba ɗin. Ta saurara har ƙarshe. Ta kwanta, ta juya wa bango fuska.

Komai daidai, ina jin.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Da hantsi ina sito, na sauko da akwatinta daga saman kabad ina kaɗe masa ƙura. Sanarwa ta ce a haɗa kaya, ni kuwa ban san me ake haɗa wa mace ba. Ina riƙe da tsumma, ƙiii.

Ba lokacinta ba ne. Na tsaya ina jiran shirun da na saba.

Bai zo ba. Ƙarar ta ci gaba, ta ɗan tsinke, ta sake ɗauka, ta ja, ta ja, kamar mota ta maƙale a kan oda. Na yi tuntuɓe da akwati, na taka wutsiyar Sufeto, na shiga gida da tsumma a hannu.

Tana lungu, da mayafi, da jakarta a kafaɗa, ta buɗe kabad tana fiddo takalma tana jefarwa gefe.

"Ina ka kai mini baƙin takalmina?"

Na buɗe baki. Jawabin da na yi makonni ina gogewa ya fito rabi: "A'a, Hukuma, an buɗe—"

"Ka sa hula, ka fito da babur, ka bar surutu. Kuma ka kashe abin nan, ya cika wa mutane kunne."

A hanya ta riƙe mini riga ta baya. Ba ta taɓa yi ba, ko a kan kwalta mai ramuka. Na yi kamar ban ji ba, na dai rage gudu.

Ɗakin yara na hawa na biyu. Ƙofarsa na da ɗan gilashi a tsakiya, irin wanda masu dubiya ke kara fuska su leƙa. Ta tsaya a gabansa. Ta daɗe. Ina bayanta ina kallon mayafin yana rawa a kafaɗarta, na haɗiye duk wata hikima da ta taso mini.

Ba ta leƙa ba. Ta tura ƙofar ta shiga, ta wuce gadaje har na ƙarshe, ta durƙusa, ta dubi fuskar sosai. Uban na tsaye a jikin taga. Uwar ba ta amsa gaisuwarta ba, amma ta janye jakarta daga kan kujera.

Hukuma ta yi gyaran murya. Wallahi wani yaro mai karaya a gadon gefe sai da ya gyara kwanciya. Ta kira sunan yarinyar cikakke, da na mahaifinta, yadda take kira a layin safe. Ta jira. Ta sake kira.

Idon ya juyo. Kaɗan ne, amma ya juyo, ya tsaya a kanta. Likita ya ce kada a yi saurin murna, tafiyar da sauranta. Uwar ba ta ji shi ba. Ni ma ban ji shi sosai ba, na fita baranda don wani abu ya shiga mini ido, kuma babu littattafai a wurin da zan ɗora wa laifi.

A nan waya ta same ni.

"Mijin Yaya! Ina kuka shiga? Mun zo da mota, gida a kulle, wata ƙararrawa sai ihu take a ciki!"

Na manta ban kashe ta ba. Sufeto ne, wannan karon da gaske.

Na ce, "Ku yi haƙuri. Hukuma ta fita aiki."

Lahadi, 23 ga wata, da hantsi

Tun safe ƙararrawa ba ta huta ba. Hukuma ce, daga ɗaki zuwa kicin, daga kicin zuwa falo, ta sauke bargon taga, ta ce gidan nan ya koma kamar masaukin direbobi. Tana tafiya tana dafa bango, kuma sau biyu na same ta zaune shiru tana kallon ƙasa. Na zauna kusa da ita har abin ya wuce.

Da ta zo goge kantar littattafai ta ci karo da safar. Ta zazzage makullan a tafin hannu, ta daɗe tana dubansu. Ta mayar da su ƙusarsu.

Bayan la'asar za mu koma asibiti. Ta ce kullum za mu riƙa zuwa, ko an amsa gaisuwa ko ba a amsa ba.

Na hau kujera na kwance idon, na naɗe wayar, na sa shi a kwali kusa da gawar ɗan'uwansa. Abu ne mai kyau, zan samar masa aiki a ƙofar sito. In ina son sanin inda take, sai in tashi in je.